Kyamarar zuga-zugi marar nauyi don aikin bidiyo: wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a cikin garin Katsina, da kyamarar Sony marar madubi. Burina in ɗauki hira da dattawan masu sana'a, maƙera da dukawa da majema, in kuma ɗauki tsofaffin gine-gine irin su Hasumiyar Gobarau. Na ga bidiyon da aka ɗauka ta cikin babbar kyamarar nan mai zuga-zugi ta inci 4 da 5, fuskar mutum ta fito kamar ka taɓa ta, bayansa kuma duk ya narke. A kan babur nake yawon aiki, don haka marar nauyi nake nema. An ce mini Intrepid ta fi kowace sauƙin ɗauka. In saye ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Wanda ya ce maka Intrepid ba ta da nauyi gaskiya ya faɗa, a Brighton ta Ingila ake ƙera ta kuma ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma don hoto ɗaya a kan fallen fim aka yi ta, kai kuwa hirar minti 20 kake son ɗauka. Abin da ya sa ta yi sauƙi a baya shi ne zai wahalar da kai a wurin aiki, kuma zan nuna maka dalili.

Ka fara sanin cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan kyamarori da ke ɗaukar bidiyo da kanta. Akwati ne kawai, ba komai a ciki. Bangon gaba yana riƙe da lensi, bangon baya yana riƙe da wani gilashi mai hazo inda hoton ke sauka, sai zuga-zugi irin na maƙera da ya haɗa su yana tare haske. Ba batir, ba sensa (ɗan allon da ke kama hoto a kyamarar dijital), ba kati. Kada kuma ka ruɗe da abin da 'yan fim ke kira babban fili in suna maganar Alexa LF ta kamfanin ARRI da ta fito a 2018. Sensarta milimita 36.7 ce a faɗi, da ƙyar ta ɗara ta Sony ɗinka mai 36 da 24. Filin inci 4 da 5 kuwa, wato girman fim ɗin da kyamarar zuga-zugi ke ɗauka, ya ninka sensarka fiye da sau 13. Sensar dijital mai irin wannan girma akwai ta, kamfanin LargeSense na Amurka ya fitar da LS911 wadda ma ta fi haka girma, amma baƙi da fari take ɗauka kuma da ta fito a 2018 kuɗinta ya haura dala 100,000. Wannan ba tamu ba ce. Saboda haka Sony ɗinka ce za ta yi ɗaukar, sai dai a tambayi inda za ta zauna. Hanya biyu ce, hotonsu bai yi kama da juna ba, kyamarar da kowace ke buƙata ma daban.

Hanya ta farko ita ce ka cire gilashin baya ka ɗaura Sony a gurbinsa da adafta. Yawancin kyamarorin inci 4 da 5 suna da maƙalin baya da ake kira Graflok, kuma kamfanoni irin su Fotodiox suna yin adaftar da ke shiga wurin. Da sauƙi, haske kuma ba ya raguwa. Sai dai lensin yana zuba hotonsa a fili mai faɗin tafin hannu, ita kuwa sensarka ɗan tsakiyar kawai take tsinta. Lensi mai milimita 150, wanda a inci 4 da 5 yake ganin duniya kusan yadda ido ke gani, yana hawa Sony sai ya koma lensin jawo nesa mai 150, kamar kowane lensin Sony mai 150. Narkewar bayan nan da ta ɗauki hankalinka ba za ka same ta ba, don daga girman filin take zuwa, kai kuma ka zubar da filin. In ka ce bari ka sa gajeren lensi don ka sami faɗi, sai ka ci karo da wata matsalar: adafta tana tura sensar baya da santimita da yawa, lensin da ya gaza milimita 90 sau da yawa ba ya iya matsowa kusa har ya kama abin da ke nesa. Ribar wannan hanya ɗaya ce, motsin bangon gaba, wato karkata lensi da gusar da shi. In wannan kaɗai kake so, akwai abin da aka ƙera dominsa: Cambo Actus ta ƙasar Holan, kilo ɗaya da ɗoriya, an yi ta ne tun farko don ta ɗauki kyamara marar madubi a bayanta.

Hanya ta biyu ita ce abin da ka gani, ina da yaƙini. Ana barin gilashin hazo a wurinsa, lensi ya zuba hoto a kansa, sannan a girka Sony a baya tana kallon gilashin, ta ɗauki hoton da ke kansa. A nan filin gaba ɗaya yana aiki. Dabarar tsohuwa ce. A shekarun 2000, kafin kyamarorin bidiyo masu babbar sensa su yi araha, masu ƙaramin fim suna ɗaura adafta irin su Letus da Redrock M2 da Mini35 a gaban kyamara, kuma ainihin abin da ke cikinsu ke nan: ɗan gilashin hazo da ake ɗaukar hotonsa. Bambancin kawai naka ya fi girma nesa ba kusa ba.

Ga lissafin da ke haifar da kyawun. In aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, tsakanin inci 4 da 5 da sensarka akwai ninki wajen uku da rabi. Lensi mai 150 da ƙofar haske 5.6 (ƙanƙantar lambar ita ce girman ƙofar, girman ƙofar kuma shi ke narkar da baya) zai ba ka faɗin lensi mai 43 a Sony, da siririn fokas na ƙofa 1.6. Ka lura, wannan kusan abin da lensinka mai 50 da ƙofa 1.4 ko 1.8 yake ba ka ne yanzu haka ba tare da wata wahala ba. Wannan magana ce da masu tallata abin ba sa son faɗa. Tazarar tana bayyana ne in ka sami lensi mai babbar ƙofa, kamar Aero Ektar na Kodak mai milimita 178 da ƙofa 2.5, wanda aka yi don ɗaukar hoto daga jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi a wannan fili daidai yake da lensi mai 50 da ƙofa 0.7, abin da ba za ka samu a kanti ba. Ƙwayar idon tsoho za ta fito tar, kunnensa kuma ya riga ya fara narkewa. Amma shi kaɗai nauyinsa ya kai na Intrepid ɗin gaba ɗaya, kuma bangon gabanta ba a yi shi don irin wannan kaya ba.

To a nan maganar nauyi ta juya. Mai ɗaukar hoto ɗaya yana saita kyamara, ya ɗaure kowane kunne, wato maɓallan murzawa da ke jikinta, ya jira iska ta lafa, ya danna, cikin ƙiftawar ido an gama. In kyamarar ta yi rawa kafin nan ko bayan nan, bai dame shi ba. Kai hoto 25 kake ɗauka a kowace daƙiƙa, na tsawon hira, ba ka da lokacin da za ka ce iska ta jira. Zuga-zugi yana kama iska sosai, kuma iskar hunturu ta Katsina ba ta neman izini. A hanya ta biyu abubuwa uku ne dole su tsaya a layi ɗaya cak: lensin gaba, gilashi, da Sony. Gilashin ya gusa da kaurin ƙumba, fokas ɗin Sony ya tafi, kuma ba za ka gane ba sai ka zauna tacewa a babban allo. A hanya ta farko kuma nauyin Sony, wajen giram 650 zuwa 700 kafin batir na waje da waya, yana rataye ne a bangon baya wanda kunnuwa biyu kawai ke riƙe da shi. A kyamarar katako marar nauyi za ka ga bangon yana sunkuyawa baya a hankali, saman hoton ya fita daga fokas ƙasan yana ciki.

Don haka abin da zan ce ka duba a jikin kyamara, kafin sikeli, shi ne yadda take yin fokas. A hanya ta biyu bangon baya ba ya motsi ko kaɗan, don Sony ta riga ta kafa ido a kansa. Dole gaba ne zai riƙa tafiya, kuma da kunnen da za ka murza a hankali ba tare da ka kwance wani abu ba. Tsoho yana cikin labari zai sunkuyo gaba ya nuna maka yadda ake riƙe basilla, sannan ya koma ya jingina. Da siririn fokas irin wannan, taƙi ɗaya ya matsa ya fita. In duk lokacin da za ka bi shi sai ka kwance maƙulli, ka ja, ka sake ɗaurewa, hoton zai yi ta tsalle.

Yanzu ga yadda nake ganin kyamarorin ɗaya bayan ɗaya. Iri biyu ne: masu naɗewa su zama kamar littafi, da masu tafiya a kan sanda ɗaya ta ƙarfe. A cikin masu naɗewa, in dole sai marar nauyi, Chamonix 045 ta ƙasar Sin na fi amincewa da ita. Wajen kilo ɗaya da rabi ce, katako da zaren kabon, ta fi Intrepid tsayuwa sosai, kuma kunnen fokas ɗinta yana baya a tsakiya yana tura bangon gaba da doguwar ƙusa mai murɗawa, wato hannunka yana kusa da kai kana kallon allo. Kuɗinta ya fi na Intrepid da nisa. Tachihara ta Japan kyakkyawa ce ga mai hoton daji, amma ga bidiyo ta yi laushi. Toho FC-45X mai sanda ce kuma ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, masu hawan dutse aka yi wa ita, ba zan ɗora mata Sony ba. Linhof Technika ta Jamus ƙarfe ce, kusan kilo 3, ba ta rawa, sai dai tsada. Tsohuwar Crown Graphic ta 'yan jaridar Amurka tana da araha da ƙarfi, fokas ɗinta daga gaba yake, amma motsin lensinta kaɗan ne.

Abin da zan saya da kuɗina don aikin da ka bayyana shi ne tsohuwar mai sanda ta sutudiyo, Sinar ta Suwizalan ko Cambo ko Toyo. Da masu hoton talla suka koma dijital sun zubar da su kasuwa da yawa, shi ya sa ta hannu sau da yawa ta fi sabuwar mai naɗewa araha. Sinar F2 ta haura kilo 3. In Sinar za ka nema, F2 ka nema, don ita ce ke da kunnen fokas a gaba da baya, F1 a baya kawai take da shi, kuma ka ji dalilin da ya sa wannan ba zai yi maka ba. Allon da ake ɗaura mata lensi mai faɗi ne, milimita 140, zai ɗauki babban lensi. Sandarta ana ƙara mata tsawo, kana iya ɗaura Sony a kan sandar kanta, komai ya zauna a layi ɗaya. Sinar P ta fi daɗin murzawa amma kusan kilo 6 ce, ka bar ta.

Na san za ka ce babur fa. Ka zauna ka tara nauyin kayan duka. Sitan mai ƙafa uku da kan da zai iya riƙe wannan doguwar na'ura, Sony da lensinta na makro mai ɗaukar abu na kusa, lensin gaba, akwatin da zai rufe tsakanin gilashi da Sony don kada hasken waje ya faɗa kan gilashin, ƙaramin allon kallo, batura, fitilu, da makirfo. In ka haɗa za ka ga kilo 2 ɗin da ke tsakanin Intrepid da Sinar ƙaramin kaso ne a ciki. Wannan aiki ko da wace kyamara, na Keke Napep ne da yaro mai taimako. Sinar ma ana kwance ta, banguna biyu da zuga-zugi su shiga jaka, sanda a gefe.

Sai haske. Gilashin hazo yana cinye haske matakai da yawa (kowane mataki rabin hasken ne ke tafiya), don watsa shi yake yi ko'ina, kaɗan ne ke isa ga Sony. In ka matso kusa da fuska zuga-zugi ya miƙe, wani hasken ya ƙara raguwa: hoton kai da kafaɗa yana cin fiye da rabin mataki, in abu ya fito da ainihin girmansa a gilashi mataki 2 ne cur. A nan Allah ya ba mu abin da Turawa ke nema da kuɗi, rana. A inuwar bishiya ko bakin zaure da hantsi za ka wadatu. Cikin rumfar maƙeri mai duhu kuwa sai da fitila mai ƙarfi, kuma ka tsaya a hoto 25 da shota 1/50 na daƙiƙa saboda wutar lantarkinmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, in janareta ne ka gwada kafin a fara don fitila na iya yin ƙyafta. Za ka kuma ga tsakiyar gilashi ta yi haske gefuna sun yi duhu. Faifan Fresnel, wani siririn roba mai da'irori, yana daidaita wannan, amma in da'irorinsa masu kauri ne Sony za ta gan su. Dogon lensi a gaba, 180 ko 210, da ja da Sony baya kaɗan, suna rage matsalar. Hoton kuma a kife yake zuwa, kai ƙasa ƙafa sama. Ka juya allon kallonka a wurin aiki, a wurin tacewa ka juya shi digiri 180.

Abin da zai fi ba ka ciwon kai a garinmu ƙura ce. Ƙurar da ta hau lensi ba a cika ganinta ba don ba ta cikin fokas. Wadda ta hau gilashin hazo kuwa a daidai inda Sony ta kafa fokas take, za ta fito baƙin ɗigo tsaf, a wuri ɗaya, a kowane hoto, ko da a kan goshin dattijo ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka goge gilashin a cikin ɗaki, ka rufe akwatin, ka liƙe gefunansa da tef, kada ka buɗe a waje. Ka riƙa ɗaukar farin bango na daƙiƙa biyar kafin kowace hira don ka gani. Bushewar hunturu tana sa katako ya tsuke kunnuwa su saki, zafin bazara kuma yana narkar da gam ɗin zuga-zugi in ka bar shi a but ɗin mota. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na karkata ga ta ƙarfe.

Motsin lensi kuwa, wanda shi ne asalin amfanin wannan kyamara, ya cancanci ka koye shi. Wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor Scheimpflug, ya yi rajistar ƙa'idarsa a 1904: in ka karkata lensi, fokas ba ya tsayawa a tsaye kamar bango, yana kwantawa. Ka ɗauki baduku zaune a tabarma, wuƙa da basilla da jar fata a gabanka kusa da kyamara, hannuwansa can gaba. Ka sunkuyar da lensin kaɗan, sai tabarmar duka ta shiga fokas tun daga wuƙar har yatsunsa, bangon bayansa kuma ya narke. Ko ka karkata shi gefe ya bi layin mutum uku da ke zaune a jere. Wannan ne abin da lensinka mai 50 ba zai taɓa yi maka ba, kuma ni a ganina ya fi narkewar baya daraja.

Maganar Gobarau dabam ce, kuma a nan zan hana ka wahala. In ka ɗaga kyamara sama don ka kama hasumiyar, sai ta yi kamar za ta faɗi baya, samanta ya tsuke fiye da yadda magina suka yi shi. Maganinsa a bar kyamara a miƙe a ɗaga lensi kawai. Kyamarar zuga-zugi tana yin haka, amma gini yana son lensi mai faɗi, shi kuwa a hanya ta farko ba ya kama nesa, a ta biyu gefuna suna yin duhu ƙwarai. Don Gobarau da Ƙofar Soro da tsohuwar Kwalejin Katsina, ko Rijiyar Kusugu in ka leƙa Daura, ka nemi lensin Canon TS-E mai 24 da adaftar Sony. Yana ɗagawa, yana karkata, yana shiga aljihun jaka. Hawan sallah kuwa kada ma ka fara, doki ba ya jiran mai murza kunne.

Wajen sayen lensi ka sami sauƙi ɗaya. Waɗannan lensi, Fujinon da Nikkor da Symmar na Schneider da Sironar na Rodenstock, suna zuwa ne da shota a jikinsu, yawanci Copal. Kai ba ka buƙatar shotar, a buɗe za ka bar ta. Saboda haka wanda shotarsa ta lalace, masu fim suka ƙi shi farashinsa ya faɗi, kai ya yi maka, muddin yana buɗewa kuma ƙofar haske tana murɗawa. Lensin tsohon majigi ma yana aiki, kuma ƙofarsa babba ce. Yawancin na hannu daga Japan suke fitowa ta eBay, ka sa kuɗin jirgi da na kwastan a lissafi, ka nemi hoton gilashin da tocila a bayansa don ka ga ko fumfuna ta ci shi. In kyamarar ta iso, ka shiga ɗaki mai duhu, ka miƙe zuga-zugi, ka kunna tocila a cikinsa, ka duba kusurwoyi. Duk inda haske ya ɓullo huda ce.

Kafin duk wannan, ka yi gwajin da ba zai ci maka komai ba. Ka sami kwali biyu, ɗaya yana shiga cikin ɗaya yana zamewa. Ka huda gaba ka liƙa gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, a baya ka shimfiɗa takardar kwafi mai shara-shara. In kana son gilashin hazo na gaske, mai yankan gilashi zai yanka maka inci 4 da 5, ka karɓi man goge bawul wajen makaniki, mai laushin, ka goga gilashi biyu da juna da ɗan ruwa har fuska ɗaya ta yi hazo ko'ina. Zai fi na kanti kaushi, amma ya isa gwaji. Ka zaunar da wani a bakin zaure, ka girka Sony a baya ka lulluɓe da baƙin zani, ka ɗauki minti biyar yana magana yana motsi, sannan ka kalla a babban allo kusa da wanda ka ɗauka da lensinka mai 50 a buɗe. In bambancin ya kai ka ɗauki wannan ɗawainiya, ka fara sayen lensi mai 180 ko 210, kafinta ya yi maka akwatin baya, mai walda ya yi maka farantin da Sony za ta zauna, sannan ka nemi Sinar F2. In Chamonix ka zaɓa saboda hanya, ka sa farantin ya riƙe ta da Sony tare daga ƙasa, kuma kada lensin gaba ya wuce rabin kilo.